DOROTHY HODGKIN, MATAR DA TA NUNA WA DUNIYA ƘIRAR KOLESTAROL

 Yau tarihin wata Baturiyar Ingila na kawo mana, sunanta Dorothy Hodgkin, wadda ta rasu tun cikin shekarar 1994. Amma kafin mu shiga labarinta, bari mu fara da wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin mata, watau kolestarol.

Sau da yawa uwargida takan je asibiti a ɗebi jininta, a ce mata kolestarol ɗinta ya hau, ta komo gida hankali a tashe. Wata kuma takan je kanti ta ga galan ɗin mai an rubuta a jikinsa babu kolestarol, ta ƙara kuɗi ta saya. Har ta kai wasunmu sun ɗauka wani dafi ne da ke ɓuya cikin abinci. Alhali kuwa babu wani sashe na jikin ɗan Adam da ba a gina shi da kolestarol ba, tun daga ƙwaƙwalwa har zuwa jini, kuma da za a zare shi duka daga jiki, da mutum bai rayu ba. Wannan mata da za mu ji labarinta, ita da wani abokin aikinta ne suka fara nuna ainihin yadda ƙirar kolestarol take, kuma ƙirar nan tasa ita ce sirrin aikin da yake yi mana.

Haihuwarta da ƙuruciyarta

An haifi Dorothy ran 12 ga watan Mayu, 1910, a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda mahaifinta, John Crowfoot, yake aiki a ma'aikatar ilmi. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya huɗu, dukansu mata. Mahaifiyarta, Grace, wadda aka fi sani da Molly, ta koyi aikin ungozoma, daga baya kuma ta shahara wajen sanin saƙa da tufafin mutanen da. Har ta zana furannin ƙasar Sudan ta yi littafi a kansu.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai aka bar Dorothy da ƙannenta a Ingila wurin kakanninsu, uwar ta koma wurin mijinta. Shekararta huɗu a lokacin. Daga nan mahaifinta ya zama shugaban Kwalejin Gordon da ke Khartum, kuma babban darektan ilmi na Sudan. Saboda haka yawancin ƙuruciyarta nesa da iyayenta ta yi ta, sai dai wasiƙa da ziyara jefi-jefi. Wannan ya sa ta tashi da dogaro da kanta tun tana ƙarama.

Tana da shekara goma, a wani ɗan ƙaramin aji, aka koya musu yadda ake narka alimun a ruwa, alif ɗin nan da muke jefawa cikin randa don laka ta kwanta, a bar shi kwana da kwanaki har ya sake daskarewa ya fito da kusurwoyi masu ƙyalli kamar an sassaƙa. Irin wannan daskararren abu mai tsari shi masana ke kira kiristal. Gishiri da sukari da kanwa duk suna fitowa a haka. Tun daga ranar abin ya shiga ranta, bai kuwa fita ba har ƙarshen rayuwarta.

A 1921 ta shiga makarantar sakandare ta Sir John Leman a garin Beccles. A wannan makaranta yara maza ne ke koyon kemistiri, watau ilmin sinadarai, mata kuwa a kai su ajin girki da ɗinki. Dorothy da wata ƙawarta suka nemi a bar su su zauna da mazan, aka yardar musu. Su biyu rak.

A 1923 ta kai wa iyayenta doguwar ziyara a Khartum. Wata rana ta tsinci wani baƙin dutse mai sheƙi a magudanar ruwan lambun gidansu, ta kai wa wani abokin mahaifinta, Dokta A. F. Joseph, masanin sinadarai. Bai kore ta ba don ƙuruciyarta. Ya zauna ya taimake ta har suka gane ma'adinin ƙarfe ne gauraye da wani da ake kira titaniyam, sa'an nan ya yi mata kyautar akwatin kayan gwaji. Da ta koma Ingila sai ta mai da wani ɗaki na saman gidansu wurin gwaje-gwajenta. Da ta cika shekara 16 kuma, mahaifiyarta ta ba ta wani littafi na Sir William Bragg, wanda ya bayyana yadda ake haska kiristal da hasken eksire a gano abin da ke cikinsa. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Shiga jami'a bai zo mata da sauƙi ba, domin Jami'ar Oxford ba ta karɓar wanda bai ci jarrabawar harshen Latin ba, makarantarsu kuwa ba ta koya mata shi ba. Sai da ta zauna ta koye shi daban. A 1928 ta shiga Kwalejin Somerville ta mata a Oxford, shekara takwas kacal bayan jami'ar ta fara ba mata digiri. Ta gama a 1932 da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Ganin abin da ido ba ya gani

To, mene ne aikin da ta zaɓa? Kowane abu a duniya, ruwa ne ko gishiri ko mai, an haɗa shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira zarra. Ƙanƙantarsu ta kai ko madubin likita ba ya nuna su. Amma yadda suka jeru suka kama juna, shi ne ke sa abu ya zama magani ko dafi, ya yi tauri ko ya yi laushi.

Dabarar da Dorothy ta koya ita ce a sami kiristal ƙarami, wani lokaci bai kai ƙwayar gero ba, a harba masa hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Zarra da ke ciki sai su watsa hasken, ya faɗa kan fim ya bar ɗigo-ɗigo, wasu baƙi ƙirin, wasu dishi-dishi. Kamar dai hasken rana ne in ya ratso ta asabari ya zuba a tsakar ɗaki: mai lura, ko ba ta ɗaga kai ba, tana iya gane irin saƙar asabarin daga yadda hasken ya zuba. Sai dai a nan ɗigon dubbai ne, kuma kowanne sai an auna shi an yi masa lissafi. A wancan zamani babu kwamfuta. Da fensir da takarda da ɗan injin tara lamba ake yi, wata da watanni, wani lokaci shekaru.

A 1932 ta tafi Jami'ar Cambridge wurin wani malami, J. D. Bernal, ta tarar ana tsakiyar gardama a kan kolestarol. Asalin abin, a ƙasar Faransa aka fara samunsa, cikin tsakuwar da kan fito a maɗaciyar mutum, kuma wani masani, Chevreul, ya raɗa masa suna a 1815 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin maɗaci da daskararre. Wasu manyan masana biyu na Jamus, Heinrich Wieland da Adolf Windaus, sun shafe shekaru suna bincike a kansa da danginsa, har aka ba su Kyautar Nobel, ɗaya a 1927, ɗaya a 1928. Amma zanen da suka yi na yadda zarransa suka jeru akwai kure a ciki. Bernal ne ya auna kiristal ɗin wani ɗan'uwan kolestarol da eksire a 1932, ya ga abin dogo ne, siriri, shimfiɗaɗɗe, ba dunƙulalle ba kamar yadda zanen ya nuna. Dole masana sinadarai suka koma suka gyara zanensu a wannan shekara.

Dorothy ta ɗauki wannan aiki ta ci gaba da shi. Ta auna kiristal na dangin kolestarol iri-iri, kuma a kansu ta rubuta kundin da ya ba ta digirin dokta a 1937. Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Zanen da aka gyara kamar shatar gida ne da aka ja a ƙasa: an san inda ɗakuna suke, ba a ga ginin a tsaye ba. Ita so take ta san mazaunin kowace zarra, wadda ke sama da wadda ke ƙasa.

Aure, haihuwa da ciwo

Tun 1934 ta koma Oxford tana koyarwa a kwalejinta. Ɗakin binciken da aka ba ta a ƙarƙashin ginin gidan tarihi na jami'ar yake, ba isasshen haske. Taga ɗaya ce, can sama, sai ta hau tsani riƙe da kiristal ɗinta kafin ta kai ga madubin da ke kusa da tagar. Bugu da ƙari, akwai taron da malaman kemistiri kan yi su tattauna bincikensu, ita kuwa an daɗe ba a barinta shiga don kawai mace ce.

A watan Disamba na 1937 ta auri Thomas Hodgkin, malamin tarihi. Sun haifi 'ya'ya uku, a 1938 da 1941 da 1946. Kwalejinta ta ba ta hutun haihuwa tare da albashi, abin da ba a saba yi ba a lokacin. Shekaru da dama maigidan yana koyar da manya a arewacin Ingila, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Daga baya kuma aikinsa ya riƙa kai shi ƙasashen Afirka. Ba ita kaɗai ta ɗauki nauyin gidan ba, gaskiya ce: ta sami masu reno, dangin mijinta da 'yan'uwanta kuma sun tallafe ta ƙwarai.

Babbar jarrabawar da ta same ta ita ce ta lafiya. Tun tana da shekara 24 ta fara jin ciwo a gaɓoɓin hannuwanta. Bayan haihuwarta ta fari ciwon ya taso mata gadan-gadan, aka tabbatar amosanin gaɓɓai ne, irin wanda ke kumbura gaɓa ya tanƙware yatsu, kuma ba ya warkewa. Ku duba fa, mai aikin ɗaukar abin da bai kai ƙwayar gero ba ta manna shi a bakin zaren gilashi, ita ce yatsunta suka karkace. Har ta kai ba ta iya murɗa makunnin injin eksire, sai da aka ƙera mata doguwar mariƙa. Ta kan sha maganin rage zafi ta koma bakin aiki. Ba ta ajiye aikin ba.

Cikin wannan hali, ga kuma Yaƙin Duniya na Biyu, ita da abokin aikinta Harry Carlisle suka yi wata dabara. Suka ɗauki kolestarol da aka liƙa wa zarra guda ta aidin, wanda ake yin maganin rauni da shi. Zarrar aidin tana da nauyi, saboda haka alamarta takan fito fili a cikin lissafi, kamar kuka a tsakiyar fili da matafiyi ke gane hanya da ita. Daga wurinta suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A 1945 suka buga sakamakonsu. Wannan ne karo na farko da aka ga cikakkiyar ƙirar wani daga cikin dangin kolestarol a tsaye.

Ga yadda yake. Kowane ƙulli na kolestarol yana da zarra 74: 27 na kabon, irin na gawayi, 46 na haidurojin, da 1 ta oksijin. Tsakiyarsa zobba huɗu ne manne da juna, shimfiɗe, masu tauri kamar allo. A gefe guda yana da ɗan ƙaramin kai mai son ruwa. A ɗaya gefen kuma wutsiya ce mai lanƙwasuwa wadda ba ta shiri da ruwa, sai da mai. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku: kai, allo da wutsiya.

Aikin da yake yi a jikinmu

Ba Dorothy ce ta yi bincike a kan aikin kolestarol a jiki ba. Wasu masana ne suka yi, kafinta da bayanta. Amma ƙirar da ta tabbatar ita ce ke bayyana dalilin abin da suka gani.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina soro da tubali. Yawansu a jikin babban mutum ya kai kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana da tantani da ya kewaye ta, kamar yadda danga ke kewaye gida, yana tsare abin da ke ciki, yana zaɓar abin da zai shiga da wanda zai fita. Sirantakarsa ta kai sai an jera fiye da 10,000 kafin su yi kaurin takarda guda.

A 1925 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka gwada jajayen ƙwayoyin jini suka gane cewa wannan tantani da maiƙo aka yi shi, sahu biyu. Kowane ƙulli na wannan maiƙo yana da kai mai son ruwa da wutsiyoyi biyu masu gudun ruwa. Sahun waje ya juya kawunansa waje, na ciki ya juya nasa ciki, wutsiyoyin duka suka haɗu a tsakiya inda ruwa ba ya kaiwa. A 1972 kuma wasu biyu a Amurka, Singer da Nicolson, suka bayyana cewa tantanin ba a sandare yake ba. Ruwa-ruwa ne kamar mai, kuma ƙofofin da abinci da saƙonni ke bi suna yawo a cikinsa kamar ƙorai a kan tafki.

To, a nan matsalar take, kuma kowace mai girki ta san ta. Man shanu in bazara ta yi sai ya narke ya tsiyaye, in hunturu ya kama kuma ya daskare sai an sa cokali an kankaro. Da tantanin ƙwayar halitta zai narke haka, da abin da ke ciki ya yoye. Da kuma zai daskare, da ƙofofinsa sun daina aiki ya tsattsage. Dole ya tsaya tsaka-tsaki.

Kolestarol ne ke tsayar da shi. Yakan kutsa tsakanin sauran maiƙon, ɗan kansa yana kusa da kawunansu wajen ruwa, allonsa da wutsiyarsa kuma suna can cikin wutsiyoyinsu. In tantanin ya so ya yi ruwa da yawa, allon nan mai tauri sai ya tokare wutsiyoyin da ke gefensa ya rage musu rawa, kamar dirka a jikin dangar kara. In kuma ya so ya daskare, kasancewarsa a tsakani sai ta hana wutsiyoyin matsuwa da juna, tantanin ya ci gaba da laushi. Har ila yau yana toshe 'yan kafofin da ruwa da gishiri za su iya sulalewa ta ciki ba bisa ƙa'ida ba. Aiki uku ke nan, kuma dukansu daga ƙirarsa suka fito. Da dunƙulalle ne kamar yadda aka fara zanawa, da bai shiga tsakanin wutsiyoyin ba.

A tantanin jajayen ƙwayoyin jini, yawan kolestarol ya kusa yin kai ɗaya da na sauran maiƙon. Waɗannan ƙwayoyi sukan yi kimanin kwana 120 suna zagaya jiki, suna matsawa ta cikin jijiyoyin da suka fi su ƙunci, ba su fashe ba. Ƙwaƙwalwa kuwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, ita ke riƙe da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na dukan kolestarol ɗin mutum. Yawancinsa yana cikin rigar da ta naɗe jijiyoyin saƙo, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, wadda ke sa saƙo ya yi sauri bai ɓace a hanya ba.

Daɗin daɗawa, daga kolestarol hanta ke yin ruwan maɗaci mai narka kitsen abinci. Daga wani ɗan'uwansa da ke cikin fata jiki ke yin bitamin D idan rana ta taɓa mu, wanda ke ƙarfafa ƙashi. Daga shi kuma ake yin sinadaran da ke tafiyar da al'adar mata da riƙe ciki. Shi ya sa yakan ƙaru a jinin mai juna biyu, kuma yana cikin nonon uwa. Saboda muhimmancinsa jiki bai dogara ga abinci ba: mafi yawansa jikin ne ke haɗa abinsa, musamman a hanta.

Sauran ayyukanta

Aikin kolestarol ya buɗe wa Dorothy ƙofa. A shekarun yaƙi masana a Oxford suna ta ƙoƙarin samar da penisilin don sojojin da suka ji rauni, amma an kasa daidaitawa a kan ƙirarsa. Ita da abokan aikinta suka warware gardamar a 1945, suka nuna yana da wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu wanda manyan masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Sanin wannan ya taimaka wajen ƙirƙiro sababbin magunguna na dangin penisilin da ake ba mu a asibiti har yau. A 1947 aka zaɓe ta cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, shekara biyu bayan an fara karɓar mata.

A 1948 ta kama aikin bitamin B12, wanda rashinsa ke kawo wani mugun ƙarancin jini. Zarransa sun kai wajen 180, mutane da yawa suka ce ba zai warwaru ba. A wannan karo ta sami taimakon kwamfutocin farko, har da wata a Amurka, ana aika lissafi ta gidan waya. Zuwa 1956 aiki ya kammala.

Cikin ɗalibanta a Somerville akwai wata budurwa, Margaret Roberts, wadda daga baya ta zama Margaret Thatcher, Firayim Ministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990. Ra'ayinsu na siyasa ya sha bamban, amma ba su yanke zumunci ba.

Albishir a Ghana

Maigidanta Thomas ya shahara a kan tarihin Afirka. A 1960 ya fitar da littafin Nigerian Perspectives, inda ya tattara tsofaffin rubuce-rubuce na tarihin Nijeriya, har da na Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1962 ya zama shugaban Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana, zamanin Kwame Nkrumah. Dorothy tana can wurinsa a watan Oktoba na 1964 labari ya iske ta cewa an ba ta Kyautar Nobel ta kemistiri, ita kaɗai ba tare da kowa ba.

Ita ce mace ta uku da ta sami wannan kyauta a fannin kemistiri, bayan Marie Curie a 1911 da 'yarta Irene a 1935. Duk da haka wasu jaridun Ingila da suka tashi ba da labarin, matar aure ta Oxford suka kira ta, kamar ba shehiyar malama ba ce. Wani abin sha'awa kuma, a wannan shekara ce aka ba Konrad Bloch da Feodor Lynen Kyautar Nobel ta likitanci saboda gano yadda jiki ke haɗa kolestarol. A 1965 Sarauniyar Ingila ta ba Dorothy lambar girma ta Order of Merit. Kafinta mace ɗaya ce ta taɓa samu, watau Florence Nightingale, uwar aikin jinya.

Akwai aiki guda da ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya, shi ne insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, wanda masu ciwon sukari ke yin allurarsa. Tun 1934 aka ba ta kiristal ɗinsa, ta ɗauki hotonsa, amma zarransa sun kusa 800, kayan aikin lokacin ba su isa ba. Ta ajiye, ta dawo, ta ajiye, ta dawo. Sai a 1969, bayan shekara 35, ita da matasan da ke aiki tare da ita suka ga ƙirarsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ƙarshen rayuwarta

Mahaifiyarta ta rasa 'yan'uwanta maza huɗu sanadin Yaƙin Duniya na Farko, saboda haka Dorothy ta tashi da ƙin yaƙi. Daga 1976 zuwa 1988 ta shugabanci ƙungiyar Pugwash, ta masana kimiyya masu neman a kawar da makaman ƙare dangi. Ta kuma riƙe muƙamin uwar Jami'ar Bristol daga 1970 zuwa 1988. Ɗakin bincikenta ya horar da matasa maza da mata daga ƙasashe da yawa, har da Indiya da Sin, kuma babba da yaro da sunanta suke kiranta, ba ta son a riƙa ɗaukaka ta.

Maigidanta ya rasu a 1982. Ciwon gaɓɓai ya ci gaba da cinta har ta koma kan keken guragu, amma a 1993 sai da ta je taron masana a birnin Beijing. Ta rasu ran 29 ga watan Yuli, 1994, a gidanta da ke ƙauyen Ilmington, bayan bugun jini, tana da shekara 84.

Abin lura

To, uwargida, kada wata ta karanta wannan ta ce ashe likita tsoratar da ita ya yi. Gishiri ne daɗin miya, amma in ya yi yawa miyar ba ta ciwuwa. Kolestarol da ke cikin tantani yana bakin aikinsa. Wanda ake aunawa a asibiti shi ne wanda jini ke ɗauke da shi daga hanta zuwa sassan jiki. In irin wanda likitoci ke kira LDL ya yi yawa, sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin jini yana ƙuntata su, har ya kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ba ya ba da alama, kuma ba masu ƙiba kaɗai yake kamawa ba, wasu gadonsa suke yi. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna shi. Wadda aka ɗora a kan magani kada ta bari sai da izinin likita.

Game da galan ɗin mai kuwa, a sani cewa kolestarol a abincin dabba yake, kamar ƙwai da hanta da ƙwaƙwalwa da man shanu. Man gyaɗa da sauran man tsirrai dama can ba su da shi, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Abin da ya fi tayar da shi a jini shi ne yawan cin maiƙo mai daskarewa, irin su kitse da man shanu da manja, tare da rashin motsa jiki. Sai a rage, a ƙara wake da ganye da hatsi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna wannan baiwar Allah da alimun ta fara, a ƙaramin aji, tana da shekara goma. In an shiga darasin kimiyya kada ku koma kujerar baya. Abin da ba ku gane ba ku tambaya, kamar yadda ta ɗauki baƙin dutsenta ta kai wa wanda ya sani.